Noman Tayim da Amfaninsa a Gida

Duk wanda ya ratsa Hausari da hantsi, sa'ad da mata ke ɗora tukunyar dafa-duka, lalle ya ji ƙanshin tayim. A ƴan ƙananan gwangwanaye ko ƙullin leda ake sayensa a Kasuwar Monday, tare da kori, har yawancinmu mun ɗauka wani gari ne da ake haɗawa a masana'anta. To, ba haka ba ne. Ganye ne na wani ɗan tsiro wanda tsawonsa bai cika wuce ƙafa 1 ba, ɗan'uwan na'ana'a da ɗaɗɗoya. Asalinsa daga tuddan duwatsu ne na kudancin Faransa da Sifen da Italiya. Larabawa na kiransa za'atar, Misirawan dā kuwa har cikin kayan gyaran gawa suke sa shi.

Sanin asalin nan shi ne rabin darasin. Tsiron da ya tashi a kan tsakuwa, inda ruwa ba ya kwana, ba ya son jiƙa. Ni kaina na kashe tukwane 3 a shekarar da na fara, don na riƙa ba su ruwa safe da yamma kamar alayyafo. Ganyen ya yi baƙi, na ƙara ruwa, ina tsammanin ƙishi ne. Da na tumɓuke, ashe saiwar ce ta ruɓe.

Saboda haka kada ka kusanci baƙar lakar nan da Barebari ke kira firgi. Tana da kyau ga masakwa, amma ajalin tayim ce. Rairayin Maiduguri shi ne daidai. Ka ɗebi kashi 2 na rairayi, kashi 1 na ruɓaɓɓen takin shanu, ka barbaɗa ƴar toka kaɗan. Fasasshiyar tukunyar ƙasa ta fi bokitin roba, gama tana numfashi. Ka huda gindinta, ka zuba tsakuwa kafin ƙasa. Idan a lambun makaranta ne, a ɗaga kunya ta yi tudu sosai.

Lokacin shuka shi ne farkon hunturu, watau Nuwamba, don tsiron ya yi ƙarfi kafin zafin Afrilu, wanda a nan yakan wuce digiri 40. Irin ya fi na alayyafo ƙanƙanta. Ba a binne shi, sai a yafa a danna da tafin hannu, a riƙa yayyafa ruwa. Yakan ɗauki mako 2 ko 3 kafin ya fito, sai a yi haƙuri. Wanda ya sami mai tsiron, ya huta: ya yanko reshe mai taushi kamar inci 3, ya tsige ganyen ƙasa, ya soka cikin rairayi mai danshi a inuwa. Bayan wata guda ya yi saiwa. A bar ƙafa 1 tsakanin tsiro da tsiro.

Da ya kafu, sai ka soka yatsa cikin ƙasar. In ka ji danshi, bar shi sai gobe. Da bazara a ba shi ranar safe, a kai shi gindin darbejiya da azahar. Amma fa damina ce babbar jarrabawa, musamman Agusta. A nan mai tukunya ya fi mai kunya, gama zai ɗauke ta ya kai ƙarƙashin rumfa. Ba kowane tsiro ke ƙetare damina ba, don haka ka dasa sababbin rassa a ajiye. Ko wanda ya rayu, bayan shekara 3 ya zama ice, ganyensa ya ragu, sai a sake.

In za a yanka, a yi da safe kafin ya yi fure, kada kuma a ɗauki fiye da sulusinsa. A shanya a inuwa, don rana tana kwashe ƙanshin. A murje, a zuba a kwalba mai murfi. Busasshe ya fi ɗanye ƙarfi, ƙaramin cokali 1 ya ishi tukunyar farfesu, a sa shi tun da wuri tare da nama.

Ƙanshin nan daga wani sinadari yake, taimol, wanda wani Bajamushe, Caspar Neumann, ya fara tacewa a 1719. Yana kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake sa shi a maganin kurkure baki irin Listerine. A Turai ana jiƙa ganyen a ruwan zafi da zuma don tarin mura. Wannan ba laifi. Sai dai man da ake tatsa daga gare shi yana da ƙarfi ƙwarai, ba a shansa, ba a ba yara. Tarin da ya wuce mako 2 kuwa na asibiti ne, a je a gwada ko tarin fuka ne.

Ɗalibanmu masu fita koyarwa, ga gwajin da za ku yi da ƴan aji 5: tukwane 2, ɗaya rairayi ɗaya firgi, ruwa daidai wa daida. Yara su riƙa rubuta abin da suka gani kowace Litinin har mako 6, sa'an nan a tumɓuke a duba saiwoyin.