Darasi na Tara: Jiragen Ruwa Marasa Matuƙi da Barazanarsu ga Tsaron Teku

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi ya ƙunshi bayani a kan jiragen ruwa marasa matuƙi, da yadda ƙasashen da ke gaba da juna suke amfani da su. A ƙarshensa ana sa ran ɗalibi zai iya bayyana ire-irensu da illolinsu, ya kuma koyar da kalmomin fannin cikin Hausa mai sauƙi.

2.0 Ma'ana da Ire-ire

Jirgi maras matuƙi shi ne wanda ke tafiya ba kowa a cikinsa. Akan sarrafa shi daga nesa ta hanyar tauraron ɗan'adam, ko kuma a tsara masa hanya a kwamfuta ya bi da kansa. Iri biyu ne: akwai mai tafiya a kan ruwa kamar kwalekwale, akwai kuma mai nutso a ƙarƙashin teku.

3.0 Barazanar Leƙen Asiri

Mai nutso yakan yi makonni yana auna zurfin ruwa da zafinsa da yawan gishirinsa. Waɗannan abubuwa su ke sauya yadda sauti ke tafiya a ruwa, kuma da sauti ake gano jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku. Saboda haka duk wanda ya mallaki bayanan ya san inda zai ɓoye jirginsa a ruwan abokin hamayya. A watan Disamba na 2016 sojan ruwan Sin sun kama wata na'urar Amurka irin wannan a Tekun Kudancin Sin, suka mayar da ita bayan 'yan kwanaki. A Disamba na 2020 wani masunci a Indunisiya ya tsinci wata kusa da tsibirin Selayar, wadda masana suka ce ta yi kama da ƙirar Sin.

4.0 Barazanar Hari

Mai tafiya a kan ruwa kuwa akan ɗura masa nakiya a aika shi ya yi karo da jirgin abokan gaba. Ƙanƙantarsa da kwanciyarsa a kan ruwa su ke sa na'urar hangen nesa ta sha wuyar ganinsa. Ranar 29 ga Oktoba, 2022, an kai wa jiragen yaƙin Rasha irin wannan hari a tashar Sebastofol da ke Bahar Aswad. Nan take Rasha ta ɗora wa Yukren laifi, ta kuma dakatar da shigarta yarjejeniyar fitar da hatsi na 'yan kwanaki, abin da ya nuna cewa rikicin teku yana iya taɓa abincin mutanen nesa. A Fabrairun 2024 Yukren ta nutsar da jirgin Rasha mai suna Caesar Kunikov da kwalekwalen Magura V5.

5.0 Matsalar Doka

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta Dokar Teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa iko da mil 12 na teku daga gaɓarta, da haƙƙin cin arzikin ruwa har mil 200. Sai dai ba ta fayyace matsayin jirgin da babu mutum a cikinsa ba. Idan aka kama shi, mai shi yana iya cewa binciken kimiyya yake yi, ko ya musanta mallakarsa gaba ɗaya.

6.0 Kammalawa

An ga cewa na'ura mai araha tana iya tona asirin ruwan wata ƙasa, ko ta halaka jirgi mai tsadar gaske, ba tare da mai ita ya sa ran sojansa cikin haɗari ba.

Jinga

1. Kawo ire-iren jiragen ruwa marasa matuƙi tare da aikin kowanne.
2. Me ya sa auna gishirin teku yake da muhimmanci ga sojan ruwa?
3. Tsara darasin auna fahimta na minti 40 ga ɗaliban aji uku na ƙaramar sakandare daga sashe na 4.0.