"Wallahi Na Ga Yaron": Wace Shaida Za Mu Karɓa Idan Yaro Ya Ɓata?

 

'Yan uwa, duk mazaunin Gyadi-Gyadi ko Tarauni ya san cigiyar yaro: a yi sanarwa a masallaci bayan sallame sallah, a kai gidan mai unguwa, a kai rediyo, a watsa hoto a WhatsApp. Kafin La'asar, shaidu sun fi goma. Wannan ya gan shi bakin Asibitin Malam Aminu Kano, wancan ya ga an saka shi a Adaidaita Sahu a kasuwar Tarauni, wata ta ga wata mai niƙabi tana jan hannunsa. Kowa da rantsuwarsa. To wa za a bi? Bin shaidar da ba daidai ba yana cinye awannin da ya kamata a nemi yaron, wani lokacin ma ya ci ran wanda bai ji ba bai gani ba.

DARASI NA FARKO: Kuka da yawan mutane ba hujja ba ne

A Suratu Yusuf, aya ta 16 zuwa 18, yayyen Annabi Yusuf (AS) sun zo wa mahaifinsu da daddare suna kuka, bakinsu ɗaya, ga riga da jini. Malaman tafsiri irin su Ƙurɗubi sun kawo cewa Annabi Ya'aƙub (AS) ya duba rigar bai ga yaga ba. Ina kerkecin da zai cinye yaro ya bar rigarsa lafiya lau? Kun ga ya auna maganar baki da abin da ido ke iya tabbatarwa.

Mu a Kano mun ga irin wannan. A watan Disamba 2021 aka sace Hanifa Abubakar, 'yar shekara 5, a hanyar dawowa daga Islamiyya. A watan Janairu 2022 jami'an tsaro suka kama Abdulmalik Tanko, mai makarantar bokon da take zuwa, wajen ƙoƙarin karɓar kuɗin fansa. Mutumin nan yana cikin waɗanda suka je gidan su Hanifa jaje. Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke masa hukuncin kisa ranar 28 ga Yuli 2022. Ido yakan tafi kan baƙo, alhali wani lokacin ɓarawon wanda yaron ya sani ne, shi ya sa zai bi shi ba tare da ihu ba. Wannan ba lasisin zargin malamai ko dangi ba ne. Ma'anarsa dai, bincike ba ya tsallake mutum don an saba da shi.

DARASI NA BIYU: Mutumin kirki ma yana kuskure

Malaman hadisi sun sanya wa mai ruwaya sharuɗɗa biyu: adala, wato gaskiya da tsoron Allah, da kuma dabɗi, wato kiyaye abin da ya ji yadda ya ji shi. Akwai bayin Allah masu ibada da aka ajiye ruwayarsu, ba don ƙarya ba, sai don raunin hadda. Ayar bashi, Baƙara 282, ita ma ta yi la'akari da cewa shaida yana iya mantuwa har ya buƙaci mai tuna masa.

Masana halayyar ɗan Adam sun iske mu a nan. A 1974, Elizabeth Loftus da John Palmer a Amurka sun nuna wa ɗalibai fim ɗin hatsarin mota. Waɗanda aka tambaya da kalma mai zafi, kamar a ce motocin sun yi raga-raga, sun ƙiyasta gudu mafi yawa. Bayan mako ɗaya, su suka fi cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin. Wato yadda ka yi tambaya yana iya dasa wa mutum abin da bai gani ba. Idan ka ce wa mai shayi, "Ai mai jar hula ne ya ɗauke shi ko?" ka riga ka ɗora masa hular a ƙwaƙwalwa.

DARASI NA UKU: Shaidar yara

Galibi yara ne suke tare da yaron a ƙarshe. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa a mazhabar Malikiyya ana karɓar shaidar yara a kan raunin da ya faru a tsakaninsu, amma da sharaɗi: kafin su watse, kuma kafin wani babba ya shiga tsakaninsu. Dalili a fili yake, yaro yana saurin ɗaukar abin da aka laƙƙana masa. Hukuncin na babin raunuka ne, amma hikimarsa ta shafe mu. Yaron da mutum ashirin suka yi wa tsawa da tambaya, daga ƙarshe abin da manya suke son ji zai faɗa.

DARASI NA HUƊU: Ihu ba shaida ba ne

A ƙarshen Maris 2025, a Uromi ta Jihar Edo, an kashe matafiya 16, mafarauta masu dawowa Kano hutun Sallah, saboda an ce masu garkuwa da mutane ne. Mun yi kuka, mun ce zalunci ne. To zaluncin ba ya canza suna idan a layinmu aka yi ihun "ɓarawon yara" aka rufe mai tabin hankali ko baƙuwa da duka. Hujurat aya ta 6 ta umarce mu da bin diddigin labari don kar mu cutar da mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. A gabatarwar Sahihu Muslim kuma akwai hadisin da ya nuna cewa faɗin duk abin da ka ji ya isa ya jefa ka cikin ƙarya. Danna "tura" ma faɗa ne.

TO ME ZA MU YI?

1. A kai rahoto ofishin 'yan sanda da gidan mai unguwa nan take, da sabon hoto da bayanin kayan jikin yaron.
2. A tambayi kowane shaida shi kaɗai, kafin ya ji na wani. A ce, "Faɗa mini abin da ka gani," a yi shiru.
3. A rubuta maganarsa ta farko da lokacin da ya faɗa. Ita ta fi wadda zai faɗa bayan kwana uku tsabta.
4. A raba "na gani" da "an ce". A tambayi nisa, da haske, da ko ya san yaron tun da.
5. A nemi abin da zai gaskata magana: kyamarar shago, lambar Adaidaita, rajistar makaranta.
6. Kar a saka hoton wanda ake zargi a Facebook. A kai wa masu bincike.

Kai kuma da ka ga wani abu, kar tsoron "kar a kira ni shaida" ya sa ka yi gum. Baƙara 283 ta hana ɓoye shaida. Ka faɗi iyakar abin da ka gani, inda kake shakka ka ce kana shakka. Cewa "ban tabbata ba" amana ce, ba gazawa ba.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya bayyana waɗanda suka ɓata, Ya ji ƙan Hanifa da sauran musulmi. Wallahu a'alam.