Katin Asibiti Zai Shiga Kwamfuta: Jan Hankali Ga Mutanen Gaya da Ajingi

Jama'a, ku dubi yadda jinya take tafiya a ƙasarmu. Mai ciki tana zuwa awo a ƙaramin asibitin ƙauyensu a Ajingi, ana auna jininta, ana rubutawa a kati. Ranar da naƙuda ta zo da gardama, sai a kwashe ta cikin dare zuwa Babban Asibitin Gaya. In abin ya ci tura, a bi ta Wudil a nufi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Katin kuwa yana can ɗaki cikin kwalla. Likita ya tambayi miji ko tana da hawan jini, ko an taɓa yi mata aiki, shi kuma ya ce, "Wallahi likita, sai dai a tambayi uwarta." Sai a sake gwaji daga farko, kuɗi na tafiya, jijjiga kuma ba ta jiran kowa.

Wannan ne ake son magancewa da adana tarihin mara lafiya a kwamfuta, yadda abin da ungozoma ta rubuta a ƙauye likitan birni zai buɗe ya gani. Kwamfuta ba baƙuwa ba ce a harkar. Tuni ƙananan asibitoci ke aika lissafin wata ta manhajar DHIS2, amma jimilla ce kawai, ba sunan kowa. Wanda ya fi kusa da abin da muke faɗa shi ne tsarin masu karɓar maganin ƙanjamau, inda ake ɗaukar zanen yatsa a tara bayani a rumbu ɗaya na ƙasa. A 2024 kuma, zamanin minista Muhammad Ali Pate, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin haɗa bayanan asibitoci. Sai dai ba wuta, ba sabis, ba aiki, kuma wannan nauyin hukuma ne.

Namu nauyin shi ne gaskiya wajen yankar kati. Mun san ana aron kati: kishiya ta ɗauki na abokiyar zamanta, ƙane ya je da na wansa, don gudun layi ko kuɗin sabon fayil. A takarda ma ganganci ne, balle a kwamfuta, inda rukunin jinin wata zai zauna a sunan wata, ya bi ta duk asibitin da ta shiga. Ranar ƙarin jini ake gane ɓarnar. Haka nan mai ba da sunan yanka a nan, laƙabi a can, ko shekaru na kintace. Masu suna ɗaya sun yi yawa a unguwa guda, saboda haka a riƙe suna ɗaya, in akwai lambar NIN a bayar.

Wani zai ce, to asirina fa? Tambaya ce ta mai hankali. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana bayyana ciwon mutum sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko in ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin haɗari. Ta yarda ma'aikaci ya miƙa wa ɗan'uwansa bayani in don jinyarka ne, ba don hirar majalisa ba. Dokar kare bayanai ta 2023 kuwa ta ba ka ikon neman ganin abin da aka rubuta a kanka, ka sa a gyara kuskure.

Kafin tsarin ya iso ko'ina, duk wanda za a tura gaba ya karɓi takardar turawa, ya haɗa da kati da kwalayen maganin da yake sha a leda ɗaya.