Naman daji a cikin gida: abin da doka ta ce

Ranar kasuwa, mutane suna ganin gardawa da kura, da biri, da mesa. Wasu gidaje kuma akwai barewa ɗaure, ko kunkuru bayan ɗaki, ko aku cikin keji. Da yawa suna tsammani duk abin da mutum ya kama a daji nashi ne. Ba haka doka ta ce ba.

Doka

Ranar 29 ga watan Afrilu 1998, ƙasar Nijar ta yi doka mai lamba 98-07 bisa farauta da kiyaye naman daji. Dokar ta jera dabbobin da anka hana a kashe ko a kama. Cikinsu akwai giwa, raƙumin dawa, dorina, jimina da kada. Kama naman daji da aje shi gida sai da takardar izini. Ma'aikatan gandun daji su ke da wannan aiki. Wanda anka iske da dabba ba takarda, ana amshe ta, a ci shi tara, har ana iya kai shi kaso.

Akwai kuma yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1973, wadda ake kira CITES. Nijar ta shiga cikinta a 1975. Ita ke tsara cinikin naman daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Aku mai jan wutsiya, wanda ake kamowa daga kurmin kudu, ya kusa ƙarewa a wurare da yawa. Don haka a 2016 anka sa shi cikin jerin da anka hana fataucinsu in daga daji anka kamo su. Mai ƙetara iyaka da shi ba takarda ya taka doka.

In dabba ta yi ɓarna

Kowa ya san in saniya ta shiga gona, mai ita ke biya. Haka yake ga biri da maciji. Doka ta ce mai dabba, ko wanda take hannunshi, shi ke ɗaukar ɓarnar da ta yi, ko da kuɓucewa ta yi. In biri ya tsinke igiya ya ciji ɗan maƙwabci, maganin yaron yana bisa kan mai birin. Cewa "ban sani ba" ba ta hidda shi.

Ɗan kada tun yana ƙarami abin wasa ne. Amma yana girma, ya hi ƙarhin ramin da anka yi mishi, kuma halinshi ba ya sakewa.

Lahiyar iyali

Biri da kura suna iya ɗaukar ciwon haukan kare. Wanda ciwon ya bayyana gare shi, da wuya ya tashi. In dabba ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi likita ranar nan.

Kunkuru, damo da maciji suna da ƙwayar cuta cikin kashinsu mai sa zawo da zazzaɓi. Ta hi kama yara ƙanana. Wanda ya taɓa su ya wanke hannu da sabulu kahin ya ci abinci.

In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa. A kwantar da shi, a ɗauke shi zuwa likita da gaggawa.

Abin yi

Manomin da ya iske ɗan barewa kwance cikin ciyawa ya bar shi nan. Sau da yawa uwar tana kusa. Wanda ke da naman daji a gida ya je wurin ma'aikatan gandun daji, su gwada mishi hanya. Mai son yaranshi su ga zaki da kada, akwai gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. A gandun Gadabeji, jahar Maraɗi, an kawo raƙuman dawa 8 daga Kure a 2018. Can ne wurinsu, kuma dukiyar kowa da kowa ce.

Tambayoyi

1. Wa ke ba da izinin aje naman daji?
2. In biri ya kuɓuce ya ciji yaro, wa ke biya?
3. Waɗanne dabbobi tsohin garinku sunka sani, waɗanda ba a ganin su yanzu? Mi ya sa?