DARASIN WATA: YADDA AKE ZAƁEN TAYAR A-KORI-KURA A ƘASASHEN SANYI

Jama'a, darasinmu na wannan wata a kan tayar mota ne. Za mu leƙa ƙasar Kanada, mu ga yadda manomin can yake zaɓen taya domin a-kori-kurarsa idan sanyi ya gabato. Daga nan za mu dawo gida, saboda irin tayoyin da ake yi wa ƙasashen sanyi suna shigowa kasuwanninmu a gwanjo. Ku karanta a hankali. Kowace taya tana ɗauke da rubutu a jikinta, kuma rubutun nan yana faɗin wurin da ta dace da shi.

Hunturunsu ba irin namu ba ne

A wurinmu hunturu iska ce mai ƙura da sanyin safe. Ƙafa ta yi kaushi, leɓe ya tsage. Da rana ta ɗaga, sai sanyi ya ragu.

A Kanada abin ya wuce haka. Ruwa yana daskarewa idan ma'aunin zafi ya sauko zuwa sifiri. A lardin Saskacewan, inda ake noman alkama da kiwon shanu, sanyin watan Janairu yakan kai digiri 30 ƙasa da sifiri. Maimakon ruwan sama, dusar ƙanƙara ce take zuba, fara fat kamar auduga. Motoci su tattake ta, ta danƙare a kan hanya. Wani lokaci ta narke da rana, ta sake daskarewa da dare. Da safe sai hanya ta zama kamar gilashi don santsi.

Manomin can ba zai zauna a ɗaki har sanyi ya wuce ba. Dole ya kai wa shanu ciyawa. Dole ya je gari sayayya ko asibiti. Motarsa ɗaya ce take bin kwalta, ta bi hanyar tsakuwa, ta shiga gona. Idan dusar ta narke a watan Afrilu, ga taɓo ko'ina. Wurin da taya take taɓa ƙasa kuwa ɗan kaɗan ne, kamar faɗin tafin hannu. A kan waɗannan wurare huɗu ransa da dukiyarsa suke tafiya.

Tayoyi iri huɗu

Idan ya shiga shagon taya, zai tarar da iri huɗu.

1. Tayar kwalta. Ana rubuta mata H/T. Zanenta ƙanana ne. Ba ta da ƙara, ba ta sa mota shan mai da yawa. Amma a taɓo ba ta da ƙarfi.

2. Tayar taɓo. Ana rubuta mata M/T. Haƙoranta manya ne, da fili a tsakaninsu domin laka ta riƙa fita. Mai kallo zai zaci ta fi kowace iya sanyi. Ba haka ba ne. A kan ƙanƙara mai santsi tana cikin waɗanda suka fi zamewa.

3. Tayar ko'ina. Ana rubuta mata A/T. Tana tsakanin biyun farko. Tana bin kwalta, tana bin tsakuwa, tana taɓa taɓo. Ita ce yawancin masu a-kori-kura suke so.

4. Tayar sanyi zalla. Wannan don watannin sanyi kaɗai aka yi ta. A ƙasar Finlan aka fara yin ta a shekarar 1934, domin manyan motoci. Kamfanin da ya yi ta shi ne ake kira Nokian a yau.

Manomin da ba ya son sayen taya takwas, huɗu na sanyi huɗu na zafi, yakan nemi tayar ko'ina wadda ta iya sanyi. Amma ba kowace A/T ce ta iya ba. Abubuwa uku yake dubawa.

Na farko: roba

Ku tuna da man shanu. Da sanyin safe yana da tauri. Da rana yana narkewa. Robar taya ma tana jin sanyi da zafi. Idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, robar taya ta yau da kullum takan fara tauri. Roba mai tauri ba ta kama hanya, sai dai ta zame a kanta. Don haka masu yin taya suke haɗa wata roba dabam wadda take zama da laushi ko a cikin tsananin sanyi.

Na biyu: tsaga

Idan kun duba tayar da ta iya sanyi, za ku ga ƙananan tsaga sirara a kan kowane haƙori, kamar an yanka da reza. Yayin da taya take juyawa, tsagar tana buɗewa, bakinta ya ciji hanya. Tsaga ɗaya ba komai ba ce. Amma ɗaruruwansu tare suna riƙe mota. Tayar taɓo ba ta da su da yawa, shi ya sa take zamewa.

Akwai wani abin mamaki kuma. Dusar da ta cika ramukan taya tana manne wa dusar da take kan hanya, kamar yadda damammen gari yake kama ɗan'uwansa. Wannan ma yana taimaka wa mota ta yi gaba.

Na uku: tambari

Wannan shi ne mafi muhimmanci. Tambari biyu ake samu a gefen taya.

Ɗaya shi ne M+S. Haruffan farko ne na kalmomin Turanci biyu masu nufin taɓo da dusar ƙanƙara. Ana sa wa taya wannan tambari ne saboda siffar zanenta kawai. Ba a gwada ta a kan dusar ba.

Ɗayan hoto ne: dutse mai tsini uku, da wani abu kamar tauraro mai reshe shida a cikinsa. Tauraron nan siffar ƙwayar dusar ƙanƙara ce. Ƙungiyoyin masu yin taya na Amurka da Kanada ne suka fito da tambarin a shekarar 1999. Taya ba ta samun shi sai an gwada ta a kan danƙararriyar dusa. Sai ta fi tayar da ake awo da ita kama hanya da aƙalla kashi 10 cikin 100.

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Hukumomi ma sun bambanta tambarin biyu. A lardin Kebek na Kanada, tun shekarar 2008 doka ta tilasta sa tayar sanyi. Yanzu wa'adin yana kamawa daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Taya mai M+S kaɗai ba ta wadatar ba, sai mai hoton dutse ko mai ƙusoshi. Wanda ya saɓa zai biya tarar dalar Kanada 200 zuwa 300. A Jamus ma, daga watan Oktoba na 2024, mai hoton dutse kaɗai ake karɓa idan hanya ta yi ƙanƙara.

To amma tambarin dutse yana da iyaka. Gwajin da ake yi a Amurka da Kanada na tashin mota ne a kan dusa. Ba na taka birki a kan ƙanƙara mai santsi ba ne. A nan tayar sanyi zalla ta fi tayar ko'ina, ko da tana da tambari. Saboda haka wanda hanyarsa take daskarewa kullum gara ya sayi tayar sanyi zalla. Wasu har ƙananan ƙusoshin ƙarfe ake dasa musu a taya, kamar yadda ake yi a Finlan da Suwidin. Jamus kuwa ta hana ƙusoshin tun 1975 domin suna cin kwalta. Wanda hanyarsa dusa ce da tsakuwa da taɓo, tayar ko'ina mai tambarin dutse ta ishe shi duk shekara.

Karanta lambar taya

Bayan tambari, sai girma da ƙarfi. Ga misalin abin da ake rubutawa:

LT265/70R17 121/118S

LT: taya ce ta motar ɗaukar kaya, irin a-kori-kura.
265: faɗin taya, milimita 265.
70: tsayin gefenta kashi 70 cikin 100 ne na faɗinta.
R: irin saƙar wayar da take ciki.
17: girman wilin da za a sa ta, inci 17.
121: nauyin da za ta iya ɗauka. Lamba 121 tana nufin kilo 1,450. Lamba 112 kuwa kilo 1,120 ce. Lamba ta biyu, 118, ta motar da ake jera wa taya bibbiyu a baya ce.
S: iyakar gudu, kilomita 180 a awa. Harafin T 190 ne, Q kuwa 160.

Kamfanin mota yakan manna takarda a jikin ƙofar direba. A kanta akwai girman tayar da ta dace da yawan iskar da za a sa. Manomi mai hankali ba ya sayen tayar da lambar nauyinta ta gaza abin da aka rubuta a nan. Ba ya kuma neman taya mai faɗi don ado, domin a cikin dusa mai zurfi siririyar taya ta fi ratsawa.

Sauran dabarunsa

Yana canza taya huɗu tare, iri ɗaya. Idan na gaba suna kamawa na baya suna zamewa, mota za ta juya da shi a kwana.

Yana auna iska a kai a kai, domin sanyi yana rage iskar taya.

Yana ɗora buhunan yashi a bodi, daidai kan tayoyin baya. Bayan a-kori-kura ba shi da nauyi idan babu kaya.

Yana duba zurfin zane. A ƙasashe da yawa doka ta tsaya a milimita 1.6. Amma domin dusa, masana suna ba da shawarar kada ya gaza milimita 4.

Ya san cewa mota mai jan ƙafa huɗu tana taimakawa wurin tashi ne kawai. Wurin tsayawa, taya ce take aiki.

Me ya shafe mu?

Idan tayar sanyi ta fara suɗewa, mutanen Turai sukan cire ta tun da sauran zane a jikinta. Irin waɗannan suna cikin tayoyin gwanjo da ake kira 'yan Beljiyam. Gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci, amma suna nan a kasuwa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha yin gargaɗi a kansu.

Ku tuna da man shanu. Robar da aka yi don digiri 20 ƙasa da sifiri, yaya za ta yi a Kano a watan Afrilu, lokacin da zafi yake kai digiri 40? Za ta yi laushi fiye da kima. Za ta cinye da wuri. Idan aka taka birki, mota za ta ƙara tafiya kafin ta tsaya. Ga tsufa, ga lodin buhuna da mutane ranar kasuwa. Taya ɗaya ta fashe a guje, gidaje da yawa su shiga makoki. Araha ba ta ado.

Saboda haka kafin ku biya kuɗi, ku duba waɗannan:

1. Idan kun ga kalmar WINTER ko ICE ko SNOW a cikin sunan taya, ko ƙananan ramukan ƙusa a kan haƙoranta, tayar sanyi zalla ce. Ku bar ta.

2. Idan an rubuta A/T kuma akwai hoton dutse, babu laifi. An yi ta ne don zafi da sanyi duka. Amma kada ku ƙara kuɗi saboda hoton, domin ba mu da dusar ƙanƙara. Tayar A/T ta dace da hanyar burji da ta gona.

3. Ku nemi ranar haihuwarta. Bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara. Misali, 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Idan lambobin uku ne kawai, an yi ta kafin shekarar 2000. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya a duba ta kowace shekara idan ta yi shekara biyar tana aiki, a kuma cire ta idan ta cika goma, ko da zanenta yana da kyau.

4. Ku duba gefenta. Idan akwai tsagewa ko kumburi, ba ta da sauran amfani.

5. Ku sa mai faci ya auna iska da geji da safe, kafin taya ta yi zafi.

Ko ba ku da mota, kuna hawa ta haya. Babu laifi mutum ya dubi taya kafin ya hau.

Sababbin kalmomi

Dusar ƙanƙara. Tambari. Digiri. Milimita. Geji.

Tambayoyi

1. Me yake faruwa da robar taya idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7?
2. Mene ne bambancin M+S da hoton dutse mai tsini uku?
3. Don me tayar taɓo take zamewa a kan ƙanƙara?
4. An rubuta wa wata taya 4021. A wane mako da wace shekara aka yi ta?
5. Taya mai lamba 121 ta fi mai lamba 112 ɗaukar nauyi da kilo nawa?

Aikin gida

Ku je tasha ko wurin mai faci. Ku kwafo rubutun taya biyu a littafinku. Ku kawo aji, ku karanta tare da malaminku, ku gano shekarun kowace.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.