Darasin Sauraro: Yadda Ake Gane Opera da Kiɗan Ɗaki a Waya, ta Rayuwar Rostropovich da Vishnevskaya

Matasa da yawa sun taɓa rubuta kalmar opera a YouTube ko Spotify don su ji ko mene ne. Sai su tarar da mace tana ɗaga murya cikin yaren da ba su sani ba, kafin minti biyu sun rufe. Abu biyu ne ke jawo haka: rashin sanin inda za a fara, da kuma wayar da aka saita ta don waƙar minti uku mai ƙarfin ganga. Wannan darasi zai warware duka biyun ta hanyar bin aikin wasu ma'aurata 'yan Rasha, Mstislav Rostropovich da Galina Vishnevskaya, waɗanda suka yi shekaru suna aiki tare a babban dandali da kuma ƙaramin zaure.

Kalmomi huɗu kafin a fara

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi daga farko har ƙarshe. Akwai labari, akwai sutura da dandali, makaɗa kuma sukan kai sittin ko fiye, suna zaune a wani rami a gaban dandalin. Ba a saba sa wa mawaƙan makirfo ba, don haka murya ce kaɗai za ta ratsa sautin makaɗan ta isa kujerar ƙarshe.

Kiɗan ɗaki kuwa na mutane kaɗan ne, biyu ko uku ko huɗu, wani lokaci har takwas. Kowa da nasa layin, kuma babu mai tsayawa a gaba da sanda. Da ido da numfashi suke fahimtar juna.

Madugu shi ne mai tsayawa gaban makaɗa da sanda, yana tsayar da saurin kiɗa, yana nuna wa kowa lokacin shigarsa.

Celo babban goge ne na Turawa mai tsirkiya huɗu. Ana zama a kujera a jingina shi tsakanin gwiwoyi, sautinsa kuma ya yi kusa da muryar namiji.

Su wane ne su?

An haifi Galina Vishnevskaya a birnin Leningrad a 1926, ta kuma yi ƙuruciyarta cikin yunwar Yaƙin Duniya na Biyu. A 1952 ta ci jarrabawar shiga Bolshoi, babban gidan opera na Mosko. A shekarar da ta biyo ta fito a matsayin Tatyana a cikin opera Eugene Onegin ta Tchaikovsky, rawar da aka fi saninta da ita har ta bar dandali.

Shi kuwa Rostropovich a Baku aka haife shi a 1927, mahaifinsa ma makaɗin celo ne. Ya yi karatu a makarantar kiɗa ta Mosko, inda Dmitri Shostakovich, ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗa na ƙarni na 20, ya koyar da shi. A 1959 Shostakovich ya rubuta masa babban kiɗan celo na farko, ya kuma haddace shi cikin kwana huɗu.

Sun yi aure a 1955. Kowannensu yana da sana'arsa da sunansa, kuma a ka'ida mai celo da mawaƙiyar opera ba su cika haɗuwa a aiki ɗaya ba. Abin da ya haɗa su shi ne mijin ya iya abu uku: celo, fiyano, da jagorancin makaɗa. Idan za ta rera waƙa ita kaɗai a zaure, shi ke zama a fiyano. Daga ƙarshen shekarun 1960 kuma ya fara tsayawa a matsayin madugu a Bolshoi, tana dandali tana rera Tatyana, yana ƙasa da sanda.

Darasi na 1: ƙaramin zaure

Wuri mafi sauƙin farawa shi ne waƙoƙi bakwai da Shostakovich ya tsara a 1967 a kan baitocin marubuci Alexander Blok. Rostropovich ne ya roƙe shi ya rubuta abin da shi da matarsa za su yi tare. Sai Shostakovich ya ƙara goge ƙarami da fiyano, suka zama mutum huɗu. An fara gabatar da su a Mosko a watan Oktoba na 1967, David Oistrakh na riƙe da goge, Mieczysław Weinberg kuma a fiyano, domin rashin lafiya ta hana Shostakovich zama da kansa.

Tsarin waƙoƙin kansa makaranta ce. Ta farko murya ce da celo kawai. Ta biyu murya da fiyano. Ta uku murya da goge. Ta huɗu celo da fiyano ne ke raka muryar, ta biyar goge da fiyano, ta shida goge da celo. Sai a ta bakwai ne duka huɗun suke haɗuwa. Gaba ɗaya kimanin minti 25 ne.

Ga aikin da mai sauraro zai yi. A saurari waƙa ta farko sau biyu. A karon farko a bi muryar kawai. A karo na biyu a bar muryar a bi celon, a lura da inda yake amsa mata da inda yake lafawa don ta wuce. Wanda ya iya raba sauti biyu a nan zai iya raba huɗu idan ya kai ta bakwai. Wannan shi ne kunnen kiɗan ɗaki: bin hira tsakanin mutane kaɗan.

Darasi na 2: faifan da ya nuna amfanin sitiriyo

A 1960 Rostropovich ya haɗu da Benjamin Britten, mai tsara kiɗa ɗan Ingila, a Landan, suka ƙulla abota. Britten ya rubuta wani babban aiki mai suna War Requiem, na jimamin waɗanda suka mutu a yaƙi, don buɗe sabuwar majami'ar Coventry, wadda bama-baman Jamus suka rusa tsohuwarta a 1940. Ya so manyan mawaƙa uku su fito daga ƙasashen da suka gwabza: Peter Pears daga Ingila, Dietrich Fischer-Dieskau daga Jamus, Vishnevskaya daga Tarayyar Sobiyet. Hukumomin Sobiyet suka hana ta zuwa, don haka ranar 30 ga Mayu 1962 Heather Harper ce ta tsaya a madadinta.

A watan Janairu na 1963 ta samu damar shiga ɗaukar sautin da kamfanin Decca ya yi a Landan, ƙarƙashin mai shirya faifai John Culshaw, Britten kuma yana jagoranci da kansa. Abin koyo a nan shi ne wurin da aka ajiye kowa. Mazan biyu suna gaba tare da ƙaramin rukunin makaɗa. Vishnevskaya tana baya tare da babbar ƙungiyar mawaƙa, abin da ya ɓata mata rai da farko, don ta ɗauka raini ne. Yara mawaƙa kuma an kai su can nesa. Da abin sauraro a kunnuwa biyu ana jin waɗannan matakai uku na nisa. Da lasifikar waya duk sukan dunƙule wuri ɗaya.

Wannan aiki ba opera ba ne, amma gada ce tsakanin darasi na 1 da na 3, domin a ciki ana jin ƙaramin rukuni da babban rukuni suna karɓa-karɓa.

Darasi na 3: babban dandali, da farashin da suka biya

A 1969 ma'auratan suka ba marubuci Alexander Solzhenitsyn masauki a gidansu na bayan gari, a lokacin da hukuma take farautarsa. A 1970 Rostropovich ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kare shi. Daga nan aka fara soke musu tafiye-tafiye da wasanni. A 1974 suka bar ƙasar, a watan Maris na 1978 kuma aka ƙwace musu shaidar zama 'yan ƙasa. A gida aka daina ambaton sunayensu, har aka cire Vishnevskaya daga littattafan tarihin Bolshoi, gidan da ta yi wa aiki fiye da shekara ashirin.

Sana'ar da suka gina tare ita ce ta riƙe su a ƙasar waje. Rostropovich ya zama madugun National Symphony Orchestra ta Washington daga 1977 zuwa 1994. Suka kuma shiga ɗakin ɗaukar sauti tare, ita tana rerawa shi yana jagoranci: Tosca ta Puccini, Queen of Spades ta Tchaikovsky, sannan Lady Macbeth of Mtsensk ta Shostakovich a 1978.

Ta ƙarshen tana da tarihi. An fara nuna ta a 1934, ta samu karɓuwa, amma a 1936 Stalin ya je ya kalla bai ji daɗinta ba, jaridar Pravda ta yi mata kaca-kaca, aka ɗauke ta daga dandali. Daga baya Shostakovich ya sake mata fasali mai sauƙi da sunan Katerina Izmailova, kuma Vishnevskaya ce ta fito a fim ɗinta na 1966. Faifan 1978, wanda aka ɗauka a Landan da makaɗan London Philharmonic, shi ya dawo da asalin aikin yadda aka fara rubuta shi. Ke nan a shekarar da aka share sunayensu a gida, suka adana wa duniya aikin da aka taɓa binnewa.

Kunnen opera daban yake da na kiɗan ɗaki. A nan labari ake bi. Kafin a danna, a karanta taƙaitaccen labarin a intanet, minti biyar ya isa. Mai farawa ya fi kyau ya ɗauki Eugene Onegin, ya nemi wurin da Tatyana take rubuta wasiƙar soyayya cikin dare, wanda bai kai minti goma sha biyar ba. A lura da yadda makaɗa suke faɗin abin da ke ranta tun kafin ta buɗe baki, da yadda madugu yake jiran numfashinta.

A watan Nuwamba na 1989 Rostropovich ya zauna a gindin Katangar Berlin yana kaɗa celo yayin da ake rushe ta. A 1990 aka mayar musu da shaidar ƙasarsu. Vishnevskaya ta buɗe cibiyar horar da mawaƙan opera a Mosko a 2002. Ya rasu a 2007, ita kuma a 2012.

Yadda za a saita waya

Na farko, a yi amfani da abin sauraro na kunnuwa biyu. Tsirkiyar celo mafi kauri tana kaɗawa kusan sau 65 a daƙiƙa ɗaya, kuma lasifikar waya ta yi ƙanƙanta da fitar da irin wannan sauti. Muryar mace za ta fita, amma rabin aikin celon zai ɓace. Ko mai waya ne na 'yan kuɗi kaɗan, ya fi lasifika.

Na biyu, a duba sashen Accessibility na saitin waya a tabbatar Mono audio a kashe yake. Idan a kunne yake, hagu da dama za su zama ɗaya, nisan da Culshaw ya tsara ya tafi a banza. A kashe ƙarin bas ma.

Na uku, a kashe maɓallin da ke gauraya waƙoƙi. Manhajoji suna yanka opera gunduwa-gunduwa, kuma idan aka gauraya, sai a ji mutuwar jarumi kafin haɗuwarsa da jaruma.

Na huɗu, a kula da ƙara. Irin wannan kiɗa yakan fara kamar raɗa, sannan ya fashe ba zato. Wanda ya ƙure ƙara tun farko saboda hayaniyar titi ko janareta zai wahalar da kunnensa. A nemi wuri mai shiru, a bar ƙarar a tsakiya.

Na biyar, lissafin data. Sauti a kan kilobit 128 yana cin kusan MB 1 a minti, a kan 320 kuma kusan MB 2.4. Waƙoƙin Blok za su ci kamar MB 25 a ƙaramin mataki, War Requiem mai kimanin minti 80 kamar MB 80, opera mai awa biyu da rabi kuma kusan MB 145. Bidiyo ya ninka haka sau da yawa, don haka gara a sauke da dare ko inda akwai Wi-Fi.

Na shida, salon bincike. Aiki ɗaya yakan sami faifai goma ko ɗari daga mawaƙa daban-daban, don haka a rubuta sunan mai tsarawa, da sunan aikin, da sunan mai rerawa, misali Shostakovich Blok Vishnevskaya. Idan bai fito ba a gwada wani rubutun, domin Jamusawa suna rubuta Wischnewskaja da Rostropowitsch. Manhajojin Idagio da Apple Music Classical, wadda ta fito a 2023, an gina su ne don irin wannan bincike.

Aikin mako

Ranar farko da ta biyu, waƙoƙin Blok, ana bin kayan kiɗa ɗaya a kowane zagaye. Rana ta uku, minti ashirin na farkon War Requiem, ido a rufe, ana ƙoƙarin nuna inda kowane rukuni yake tsaye. Rana ta huɗu, labarin Eugene Onegin da wurin wasiƙar. Daga rana ta biyar sai a gwada opera ɗaya cikakkiya, kashi-kashi, kamar yadda ake kallon fim mai dogon zango. Wanda ya kammala ya koma waƙar farko ta Blok, wadda mata da miji ne kawai a cikinta, ya gwada abin da kunnensa ke kamawa yanzu da abin da ya kama a ranar farko.