Mu San Cututtukan Kwamfuta da Waya

'Yan uwa ɗalibai, kamar yadda ƙwari ke ɓata masara a cikin buhu, haka wasu miyagun manhajoji ke ɓata kwamfuta da waya. Ga guda huɗu:

1. Bairos: yana maƙalewa a jikin fayil. Mukan kwaso shi idan muka sa memori a kwamfutar da ta kamu, kamar ta shagon tura waƙoƙi. Yakan lalata abin da muka ajiye.

2. Tirojan: kura ce da fatar akuya. Yakan zo ta WhatsApp da sunan data kyauta ko tallafin taki. Da ka sauke shi, ka buɗe wa ɓarawo ƙofa.

3. Ɗan leƙen asiri: yana sace lambar sirri ta banki. Kuɗin audugar da iyayenmu suka sayar a Funtuwa sai su salwanta dare ɗaya.

4. Mai garkuwa: yana kulle bayanai, sai an biya kuɗin fansa. A 2017 wani mai suna WannaCry ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama.

Don haka kada mu danna saƙon da ba mu san tushensa ba, mu kuma gargaɗi na gida. Rigakafi ya fi magani.